Tsakanin Fijo 504 da BMW mai ƙofa biyu, ɗauki Fijon

Wa alaikumus salam Malam. Tsakanin Fijo 504 ɗin da ka ce tana ajiye a gidan wani dattijo a wajen Gumel da BMW mai ƙofa biyun da aka nuna maka a Kano, ɗauki Fijon. Ko dillalin BMW ɗin zai yafe maka la'adarsa ya kuma rage maka kuɗi, Fijon dai.

Tsohuwar mota tana tashi ne a inda ake da kayanta da masu gyaranta, kuma a ƙasar nan babu wadda ta kai 504 wannan gata. A 1968 aka fara fito da ita a Faransa, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, amma a wajenmu ta yi gida. Daga 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, kuma an ci gaba da fitar da 504 daga can kimanin shekara talatin, bayan Turawan sun daɗe da daina ta. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita aka ce manyan ma'aikatan gwamnati su koma hawa. Ita ce ta zama motar haya daga Kano zuwa Maiduguri, ita ce a-kori-kurar da ke kai gero da awaki kasuwar Maigatari ran Alhamis. Saboda haka duk garin da ke da tasha a Jigawa da wuya ka rasa bakaniken da a kanta ya koyi aiki, wanda zai iya kwance maka kafireta yana hira bai ko duba hannunsa ba. Kayanta kuma, sabo da na hannu, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano za ka fito da mafi yawan abin da ka je nema, wanda ka rasa a leƙa Panteka a Kaduna.

Tawa salun ce, wato mai ƙofa huɗu da but, fara, a wajen magadan wani tsohon malamin makaranta na saye ta. Lambarta ma ta KN ce, tun kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991. Na same ta a ƙarƙashin rumfar kara, tayoyi huɗu sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya, ɓeraye sun gama da wayoyi. Na ɗauko wani tsohon bakanike a garinmu, Baba muke ce masa, da niyyar mu sa batir mu gwada. Ya ce kul. Ya cire fulogai, ya ɗura mai a kowane rami, ya ce a bar ta ta sha. Da ya dawo bayan 'yan kwanaki, da sifana ya riƙa juya injin a hankali har ya saki. Sannan aka sauke tanki aka wanke tsohon fetur da ya zama danƙo, aka wanke kafireta, aka canza kontak da baƙin mai. Ranar da ta tashi, yaran unguwa sai da suka watse saboda hayaƙi da ɓawon gyaɗar da salansa ta feso, matar marigayin kuwa ta leƙo daga zaure ta ce wannan ƙarar ta san ta. Baba bai yi amfani da wata na'ura ba wajen saita ta. Ya kara kunne, yana murɗa sukuru, har sai da ta daina rawa.

Ka riƙe wannan na Baba. Motar da ta yi shekaru a ajiye, in aka yi mata ki da ƙarfi inji a bushe, ringi na iya karyewa ko ya kankare silinda, ka jawo wa kanka aikin da da bai taso ba.

Daminar da ta biyo baya aka roƙe ni in kawo ta ɗaukar amarya a wani ƙauye bayan Ringim, don kakar amaryar ta ce ita a Fijo aka kai ta ɗakinta. Hanyar yashi ce da kwazazzabo, ga ruwa ya kwanta a wurare. Motocin zamani biyu da ke gabanmu suka kafe, samari suka tuɓe takalma suna turi. Ni dai giya ta biyu na sa, ta bi gefe tana lilo ta wuce, tsofaffin mata huɗu a baya suna guɗa. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna da dogon wasa, da tayoyin baya take ja, sandar da ke kai ƙarfi baya kuma a cikin bututun ƙarfe take. Kujerunta ma, wanda bai zauna ba ba zai gane ba. Har yanzu in na ajiye ta a bakin masallacin Juma'a sai na tarar da dattawa sun kewaye ta, kowa da labarin tasa.

Na san abin da ke jan ka wajen BMW ɗin: kana son a ce motar tsere ce. To ita ma Fijon ba baƙuwar fili ba ce. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504 salun irin wadda ka gani a Gumel, kuma a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin ta da 504 mai ƙofa biyu mai injin V6. Wannan gasa ce ta dubban kilomita a cikin laka da ƙura da duwatsu, wato irin hanyoyin da za ka bi in za ka gaida gwaggonka. Gaskiya ne injin lita biyu na salun ƙarfinsa bai kai doki ɗari ba, kuma tana shan mai fiye da yadda aljihun yau yake so. Amma injin sarƙa ne da shi ba bel ba, kuma silindojinsa irin waɗanda ake zarewa a sa sababbi ne, don haka ko ya gaji ana mayar da shi sabo ba sai an nemi wani inji ba.

BMW ɗin, daga hoton da ka turo, E30 ce, wadda aka yi daga 1982 zuwa farkon shekarun 1990. Kyakkyawa ce, kuma mai silinda shida tana da daɗin murya a kan kwalta, ba zan hana ta wannan ba. Na taɓa riƙe irinta, hanyar garinmu ta sa na sayar ban waiwaya ba. Cikinta a ƙasa yake, injin mai shidan bel ne ke tafiyar da shi, in ya tsinke bawul sun lanƙwashe, ba ta son man 'yan bumburutu, rewayan da ya san ta sai ka kai ta birni, kayanta kuma sai an aika Ladipo a Legas ko a yi odar su da dala. Yawancin waɗanda suka rage a Kano ma sun bi ta hannun samarin da ke wasan mota a biki, sun sha juyi har sun gode Allah. In a Abuja kake zaune kuma albashinka na da kauri, wannan wata magana ce.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, don tun da sha'awar tsofaffin motoci ta fara dawowa dillalai suka farka. Kowace 504 yanzu ta tsohon kwamishina ce, ko Hajiya ce ke zuwa asibiti da ita kawai. Kada labari ya sa ka ƙara ko sisi. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji shi da ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ka zo don kada ka ga yadda take wahalar tashi ko hayaƙin farko. Ka zaro sandar gwada baƙin mai: in ya yi fari-fari, ruwa na shiga, ko gasket ko robar gindin silinda. In kuma ya yi kauri fiye da ƙima, an zuba mai nauyi ne don a ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka buɗe lagireto ka ga ko akwai maiƙo a saman ruwan.

Amma inji duk mai sauƙi ne. Bodi shi ne motar. Ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ka bi gindin ƙofofi da bakin tayoyi da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, foti ne aka cusa aka shafe da fenti. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gaba da ta baya, ka duba cikin but, ka duba gindin gilashin gaba da inda shokzoba ta gaba take kamawa a ƙarƙashin bonet. Tsatsa a fatar ƙofa aikin mai walda ne na yini guda. Tsatsa a inda ke ɗauke da nauyin mota kuwa, ka yi sallama ka tafi. Sabon fenti mai sheƙi a kan motar da aka ce ta shekara goma a ajiye shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, gara in ga tsohon fentinta ya ƙoƙe in san abin da nake saye. Kuma in wani ya nuna maka 504 marar rufi ya ce ta asali ce, ka ƙirga ƙofofi. Masu ƙofa biyu da marasa rufi na gaske kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya yi musu jiki, siffarsu daban ce gaba ɗaya, ba kuma a Kaduna aka haɗa su ba. Mai ƙofa huɗu da babu rufi, wani ne ya sa mata zarto.

Sai takardu, kuma a nan ne ta Gumel ɗin za ta iya ba ka ciwon kai. Ka tabbatar lambar shasi da ke jikin ƙarfen ita ce a takarda, ka kuma sa a duba maka ita a rajistar motoci ta 'yan sanda. In dattijon yana raye, da shi za ka yi ciniki baki da baki, ba da ɗansa ko ɗan ƙaninsa ba. In motar gado ce, kada ka ba mutum ɗaya kuɗi don ya ce shi ne babba. A tara magada, a rubuta a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, kowa ya sa hannu. An sha ganin wanda ya gama kashe kuɗin gyara da fenti, sannan wata 'yar marigayin da ke aure a wani gari ta zo da sammaci.

In ka saye ta, kada ka fara da fenti ko da 'yan'uwa za su yi maka dariya. Birki tukuna: robobi da bututai duk sun bushe, a canza su gaba ɗaya. Sai inji da lagireto, sai wayoyi, waɗanda na fi son a zare tsofaffin a ja sababbi maimakon ƙulle-ƙulle, don gobarar tsohuwar mota daga nan take tashi. Tayoyi ka duba lambobi huɗun da ke gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya mai zane rangaɗau amma ta tsufa za ta fashe maka a zafin Afrilu. Rim ɗinta kuma kada ka bari a musanya maka, don tazarar ramukansa ba irin ta sauran motoci ba ce, amma na 505 yana shiga. Fenti a ƙarshe, kuma ba a lokacin hazo ba, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ciki har abada.

Abin da zai cinye maka kuɗi ba tare da ka lura ba shi ne ƙananan kaya: fitilun gaba na asali, ragar gaba da zakinta, bamba mai ƙyalli, marikin ƙofa, robar gilashi, dashbod ɗin da rana ba ta fasa ba. Shi ya sa motar da kayanta suke cikakku ko ba ta tashi ta fi wadda ke tafiya amma an wawashe ta. In ka samu wata matacciyar 504 a hannun 'yan gwangwan kafin su sa mata guduma, ka saye ta da kuɗin ƙarfe ka ajiye a bayan gida, za ta ciyar da taka shekaru. Kada kuma ka damƙa wa bakanike kuɗin aiki gaba ɗaya, ko ka bar motar ta yi watanni a gareji. Ka sayo kaya da kanka, a ɗaura a gabanka, a ba ka tsohon. Motar da ta daɗe a gareji kayanta ƙafa suke yi, yau an ari kafireta don a gwada a wata, gobe an ari sitata.

Ka koma Gumel ɗin ka ɗauko mana hoton ƙarƙashin shimfiɗa, da cikin but, da cikin bonet ta ɓangarorin biyu, da lambar shasi. Ka kuma tambayi dattijon ko ta taɓa yin haya, don wadda ta yi lodi a tasha daban take da wadda ofis da gida kawai ta sani. In ka turo, zan nuna wa Baba ya faɗa mana abin da ya kamata ka taya.