Platz ko Ort: wanne ake faɗa a Jamusanci?

Masu koyon Jamusanci sun sha tambaya: tunda Platz da Ort duk "wuri" suke nufi, wanne za a ɗauka?

Platz baƙuwa ce. Tushenta kalmar Girkanci plateia, wato faffaɗan titi, ta biyo ta Latin da Faransanci kafin ta iso. Shi ya sa har yau sarari take nunawa: dandali irin Alexanderplatz na Berlin, filin ajiye mota, kujerar jirgin ƙasa, gurbin karatu a jami'a. In jaka ta cika maƙil, Platz ne babu. In mai gida ya ce "Nehmen Sie Platz", zauna yake nufi.

Ort kuwa 'yar gida ce. A tsohon Jamusanci tsinin mashi ko takobi take nufi. Yanzu ɗigo ce a taswira: gari, ƙauye, inda abu ya faru.

A fom ake yawan tuntuɓe. Wurin haihuwa Geburtsort ne, ba Geburtsplatz ba, kuma "Ort, Datum" da ke kusa da sa hannu sunan gari yake nema, ba titi ba. Jam'in Platz ma yana sauya wasali, Plätze, alhali na Ort Orte ne kawai.

Mai cika takardun biza ya riƙe Ort da kyau. Mai neman kujerar zama, gurbin aiki ko dandalin gari, Platz za ta fi yi masa amfani.