Hayar dokin hawa a Maradi: dawaki na gari, majayi na wahala

Akwai wata barga a bayan gari da ke ba da hayar doki lokacin hawan Sallah da bikin aure. Dawakinta ƙosassu ne, sun ci harawa da dusa, ana ba su kanwa, kuma sun saba da kalangu da ƙarar bindiga. Wannan shi ne babban abin yabo, domin dokin da bai san taro ba yana iya zabura ya tattake yara a ƙofar fadar Sarkin Katsinar Maradi.

Irin wannan hawa na yini guda akwai shi har a Amurka. A ƙananan garuruwan jihar Luiziyana irin su Mamou da Eunice, mutanen Cajun, masu asalin Faransa, suna hawa ranar Talatar da ke gaban azumin Kirista, wato Mardi Gras. Kyaftin, wato jagoran mahaya, na gaba da farar tuta, mahaya sanye da abin rufe fuska suna bi gida-gida suna roƙon kayan miya, mai gida ya jefa kaza su sauka su bi ta da gudu. Hawa da sauka sau da yawa haka, majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, shi ne ke ɗaukar nauyinsa, can da nan duka.

To a nan bargar ta gaza. Jalala, wato rufin sirdi na ado, da adon linzami sababbi ne fil, amma majayi tsoho, fatar ta bushe ta tsattsage wajen ɗauri. Doki yakan kumbura ciki sa'ad da ake ɗaura sirdi, bayan tafiyar minti 10 ya saki, sirdi ya karkata da mahayi. Ka sauka ka ƙara ja, yadda yatsu 2 kawai za su shiga. Ɗaga zubka, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, ka shafa gadon baya kafin ka biya. In ka ji kumburi ko tsohon miki, a canza maka doki.

Linzaminsu mai kaifi ne, hannun baƙo kuwa nauyi gare shi, sai ka ga jini a bakin dabba tun kafin azahar. Nemi mai sauƙi.

Ba sa haɗa ka da yaron barga sai ka roƙa. Ka roƙa, ko da za ka ƙara kuɗi, don a zafin Maradi doki na shan fiye da lita 30 a yini, yaron ne zai shayar da shi, kuma shi zai hana ka zamiya, wato sukuwa da tsayar da doki nan take, a kan kwalta, inda kofato ke sulɓi.