Kyamarar shiga teku: abin da za ka saya kafin tafiya Zanzibar ko Sharm

Duk wanda ya je hutu Zanzibar ko Sharm el-Sheikh zai ci karo da masu jiragen ruwa suna tallan fita kallon kifi. A ba ka tabarau da bututun numfashi, ka kwanta rub da ciki a saman ruwa kana leƙen murjani da kifaye a ƙarƙashinka. A Zanzibar wajen tsibirin Mnemba aka fi kai mutane, a Masar kuwa Ras Mohammed da ke Bahar Maliya. To da me za ka ɗauki hoton? Ni dai ba na ɓoye zaɓina: ƙaramar kyamarar shiga ruwa, OM System Tough TG-7.

Mu fara sallamar waya. Alamar IP68 ta jure ruwa da ƙura da ake yi mana taƙama da ita, a ruwan daɗi aka yi gwajinta, ba a ruwan gishiri ba, kuma garantin manyan kamfanonin waya bai haɗa da ɓarnar ruwa ba. Ga shi fuskar waya ba ta jin yatsa a cikin ruwa. Ledar nan mai igiya da ake rataya wa a wuya tana iya fitar da kai kunya sau ɗaya ko biyu, amma ka tuna lambobinka da manhajar bankinka duk suna cikin wayar da kake shirin tsomawa a teku.

TG-7 ta fito a 2023 a kan kusan dala 550, kuma ita ce magajiyar kyamarar TG-6 ta kamfanin Olympus. Tana nutsewa har mita 15 ba tare da wani kwanson kariya daga ruwa ba, tana jure faɗuwa daga mita 2.1. Abin da ya sa na fifita ta shi ne launi. Ruwa yana shanye jan haske kafin kowane launi, ta yadda a zurfin mita 5 ja ya kusa ɓacewa, shi ya sa hotunan mutane ke fitowa shuɗi-shuɗi, murjanin da ido ya gani jajir ya koma toka. Ita wannan tana da saitin launi na cikin ruwa kala uku, na ruwa marar zurfi, da matsakaici, da mai zurfi, sannan tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto, don wanda zai gyara daga baya a kwamfuta. Tana jawo abu kusa ninki 4 da gilashinta, ba da dabarar manhaja ba, wato ba sai ka bi kifi kana kora shi ba. Akwai kuma saitin ɗaukar ƙananan abubuwa daga tazarar santimita 1, wanda za ka ga ƙwayar idon ƙaramin kifi da zanen da ke jikin dodon koɗi tiryan-tiryan. Maɓallanta na dannawa ne, ka ji su ƙas a ƙarƙashin jiƙaƙƙen yatsa ko igiyar ruwa tana jijjiga ka. Aibinta? Idan rana ta yi sanyi hotonta yana yin yashi-yashi. In ka samu TG-6 mai lafiya a kan rahusa, ka ɗauka, bambancin bai taka kara ya karya ba, mafi bayyana shi ne wurin caji na USB-C da TG-7 take da shi.

GoPro HERO13 ta bidiyo ce, tana kai mita 10, amma faɗin idonta yana mayar da kifi ɗan ɗigo a tsakiyar hoto. DJI Osmo Action 4 ta fi ta nutso, mita 18, ciwon dai iri ɗaya ne.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Kasuwa cike take da ƙananan kyamarori masu kama da GoPro, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwali, farashin kuma bai kai na takalmi mai kyau ba. Yawancinsu ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi, kwanson robar kuma yana yoyo ta maɓalli. Mai sayarwa zai rantse maka kamfani ɗaya ne ya yi su da GoPro. Ka ce ya nuna maka lambar da ke jikin kyamarar ta yi daidai da ta kwali, ka ga yadda zai canza magana.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne katin memori na jabu, domin ba ka gane shi sai aikin gama ya gama. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da kati an buga 128GB a jiki, kwali a rufe, komai tsaf. Kyamara ta karɓa, ta nuna tana ɗauka. Da na dawo masauki na buɗe bidiyon kunkurun teku da ya bi ta ƙarƙashina a hankali, sai fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, shi da duk abin da ya biyo bayansa. Irin waɗannan katunan an yi musu dabara ne su riƙa faɗin girman ƙarya, da sun cika ainihin cikinsu sai sabon abu ya hau kan tsoho ko ya ɓace. Tun daga nan ba na tafiya da kati sai na gwada shi da H2testw, manhajar kwamfuta mai duba ainihin girman kati, ko in cika shi taf da bidiyo in buɗe na farko da na ƙarshe. Ka nemi mai alamar V30, wato mai saurin ajiye bidiyo, kuma ka sayi biyu matsakaita maimakon babba guda. Haka batir: na jabu yana kumbura, ya maƙale a ciki ko ya hana murfi rufuwa da kyau, ruwa ya samu hanya.

Mai sayen ta hannu, ka buɗe murfin batir ka duba robar da ke zagaye da bakinsa. In ta tsage ko ta bushe, ko ka ga farin gishiri ya daskare a lungu, ajiye musu kayansu. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan robar nan ya isa ya shigar da ruwa. Kwanso ko leda kuwa, ka sa tishu a ciki, ka danna a bokiti rabin awa tun kana gida.

TG-7 ba ta tsayawa a saman ruwa, in ta suɓuce ƙasa za ta yi, don haka ka haɗa da igiyar hannu mai balan-balan. Da ka fito daga teku ka jiƙa ta a ruwan famfo kamar minti 10, ka bari ta bushe kafin ka buɗe kowane murfi.