Tsatsa a Wayoyin Piyano: Me Za Ka Saya, Me Za Ka Ƙyale

Kafin ka zaro kuɗi, ɗauki tocila ka leƙa cikin piyanon. Idan ja-ja ne kawai ya hau bayan waya, da sauƙi. Idan kuwa tsatsa ta ci ta bar ƙananan ramuka, musamman inda waya ta naɗe a jikin ƙusar saiti (ƙusar da ake murɗawa a daidaita amon waya), gogewa ba za ta cece ta ba, sai sabuwa. Piyano na ɗauke da wayoyi sama da 200, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai wajen tan 18. Wadda ta ruɓe ba ta sallama kafin ta tsinke.

Wajen goge tsatsa, mafi arha shi ne soson ƙarfe mai lamba 0000, wato mafi laushi. Yana aiki, amma yana zubar da ɓurɓushi a kan allon sauti da cikin ulun da ke danne wayoyi, ɓurɓushin nan kuma shi ma tsatsa yake yi. Mai amfani da shi ya tanadi maganaɗisu da injin zuƙe ƙura. Soson goge-goge na Scotch-Brite mai laushi bai da wannan matsalar, tunda ba ƙarfe ba ne. Ni dai na fi son Polita, ɗan curin nan mai kama da abin goge fensir: ka danna shi a waya, ka ja sama da ƙasa, hasken ƙarfe ya fito.

Duk wannan na wayoyin ƙarfe zalla ne. Masu kauri na ɓangaren hagu, da aka naɗe da jan ƙarfe, a bar wa gwani.

Man feshi na WD-40 da danginsa kuwa, kar ma su kusanci piyano. Mai yana silalewa ya shiga katakon da ke riƙe ƙusoshin saiti, su yi sako-sako, saiti ya daina zama. In ya shiga naɗin jan ƙarfe, ya tara ƙura, amo ya dushe.

Kuɗin kirki a wajen kariya ya kamata ya tafi, don laima ce uwar tsatsa. Fara da ɗan ma'aunin laima. Na'urar Piano Life Saver ta kamfanin Dampp-Chaser ana ɗaura ta a jikin piyano ta daidaita laima tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100, sai dai da tsada, kuma gwani ke sa ta. Mayafin ulu da ake shimfiɗawa bisa wayoyin piyano na kwance ya fi sauƙin kuɗi, ga tare ƙura.

Sai safar hannu ta auduga. Gumin yatsa da gishiri, inda ka dafa yau, can za ka tarar da tabo.