NISMO Heritage: kayan gyaran Skyline GT-R R32 da kamfanin Nissan ya dawo da su, abin da suka warware da abin da suka bari

Duk wanda ya ɗauko Skyline GT-R ƙirar R32 da niyyar mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, yakan shiga aikin yana fargabar inji. Amma inji ƙarfe ne, ana kwance shi a auna a gyara. Abin da ke ajiye mota wata da watanni a gareji shi ne ɗan tiyon roba mai lanƙwasa uku da ke ɓoye a ƙarƙashin mashigar iska, ko soket ɗin waya da zafi ya gasa har yana ɓarɓashewa da an taɓa shi, ko robar gefen gilas da ta bushe tana barin ruwan sama ya kwanta a cikin bodi. An ƙera motar nan daga 1989 zuwa 1994, guda kusan dubu 44, ke nan ƙaramar cikinsu ma ta haura shekara talatin. Roba da filastik ba sa kai wannan shekaru da ƙarfinsu, kuma wanda za ka ciro daga wata motar da aka yanka sa'an naka ne, tsufansu ɗaya.

Wannan giɓin ne shirin NISMO Heritage ya zo cikewa. Kamfanin Nissan ne ya buɗe shi a Japan cikin Disamba 2017, tare da sashensa na tsere NISMO da Autech, sashensa na motocin musamman, da kamfanonin da suka riƙa ƙera masa kaya tun farko. Ya fara da kaya kusan 80 na R32, galibinsu wayoyi da tiyo da bututu da tambarin jikin mota. A 2018 aka shigar da R33 da R34, ƙirar GT-R biyu da suka biyo bayan R32. Buƙatar kuwa ba ta faɗo daga sama ba. Motar ta ci tsere 29 cikin 29 da ta shiga a gasar motoci ta Japan tsakanin 1990 da 1993, ta kuma ci tseren Bathurst a Ostareliya a 1991 da 1992, sannan daga 2014 dokar Amurka da ke barin a shigo da motar waje in ta kai shekara 25 ta ba da damar shigar da ita can. Masu saye suka yawaita, kayan da suka rage a ɗakunan ajiya suka ƙare.

Ra'ayina a kan shirin shi ne ya cancanci kuɗinsa, matuƙar mai mota ya kashe kuɗin a kan ƙananan kayan da ke ruɓewa kafin ya ɗaga ido zuwa manyan da ake ɗauka hoto.

Kafin ka yi odar komai, nemi farantin da ke manne a bangon da ya raba inji da cikin mota. A jikinsa akwai lambar shasi mai farawa da BNR32, da lambar samfuri, da lambar fenti, misali KH2 ita ce ruwan toka mai duhu da aka fi sanin motar da shi. Da lambar shasin ake shiga kundin kayan Nissan mai suna FAST a ga watan da aka ƙera motar da ainihin lambar kowane kaya. Wannan mataki ba na tsallakewa ba ne, domin an yi wa R32 sauye-sauye a tsakiyar shekarun ƙera ta, kaya biyu suna iya kama da juna a hoto amma soket ɗinsu ya bambanta. In ka samu lambar, fara tambayar ko kayan yana nan a jerin Nissan na yau da kullum. Akwai da yawa da ba a taɓa daina yi ba, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Wanda aka daina ne za ka nema a jerin Heritage, inda za ka ga an ba shi sabuwar lamba mai ɗauke da haruffan RHR.

Inda shirin ya fi burge ni shi ne gefen mashigar iska na injin motar, RB26DETT. Injin yana da maƙogwaro shida, wato ƙofofin da totur ke buɗewa iska ta shiga, kowace silinda da nata, kuma a ƙarƙashinsu akwai tarin ƙananan tiyon ruwa da na iska, da na'urar sanyaya baƙin mai da ke gindin matatar mai. Hannu ba ya shiga wurin sai an cire akwatin iskan gaba ɗaya, aikin yini ne ga bakaniken da ya saba. Tiyo ɗaya ya tsage a can, ruwan lagireto zai riƙa raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba, don yana ƙonewa a jikin inji, har ranar da allurar zafi za ta tashi. Tiyon da aka yanko daga doguwar roba ba ya maye gurbin na asali a nan, saboda lanƙwasar tana da tsanani, yana naɗewa ya toshe hanyar ruwa. Idan aka buɗe wurin, a canza tiyo duka a lokaci ɗaya, har da maɗaurai da gasket, kada a bar ko ɗaya don ana ganin yana da sauran rai. Kuma a kula da wani abu da ke ɓata aikin mutane da yawa: a gefen kowane murfin maƙogwaro akwai baƙin shafi da kamfani ya sa don toshe ɗan ratar da ke tsakanin murfin da bango. Mai wanki yakan ɗauka dauɗa ce ya goge shi fes da sinadari. Daga nan iska ta samu hanya, injin ya riƙa gudu sama da kima a tsaye, a yi ta juya noti bai sauka ba. Bayan an haɗa, a fitar da iskar da ke cikin ruwan ta ɗan notin da aka tanada a saman wannan gefen, in ba haka ba zafin zai dawo.

Sai wayoyi. Koyil shida na injin suna kwance a cikin kwarin da ke tsakanin murafan kamshaf biyu, an rufe su da faranti, zafi ba shi da mafita. Alamar lalacewarsu ita ce injin ya yi lafiya a tsaye, amma da turbo ya fara turo iska sai ya riƙa yankewa. Da yawa sukan sayi sababbin fulogi, sannan koyil, alhali wayar da ke kai musu wuta ce ta ƙone. Cire farantin, ka ɗan lanƙwasa wayar da yatsa. In rigarta ta tsage, an gama magana. Haka babbar wayar inji da ke zuwa ƙwaƙwalwar mota: mai rewaya zai iya yi mata faci sau ɗaya ko biyu, amma faci a kan waya mai shekara talatin yana mayar da matsalar ne zuwa gaba kaɗan. Samun ta sabuwa dal, da soket na asali da tsawon da ya dace da kowane maƙali, shi kaɗai ya isa dalilin yaba wa shirin.

A 2019 aka dawo da bulok ɗin inji da kan silinda, a lokacin a kan yen 170,000 da yen 187,000, ko da yake farashin ya tashi tun daga nan. Labari ne mai daɗi, sai dai ba kowa ke buƙatarsu ba. A fara auna matsin silinda: littafin Nissan ya ce kilogiram 12 a kan murabba'in santimita, kada ya gaza 9, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 1. Injin da ya ci wannan gwajin, bai kuma haɗa ruwa da mai ba, bulok ɗinsa ya zauna.

Ya kamata a san cewa kayan asali suna dawo da mota ne yadda take, har da raunin da aka haife ta da shi. R32 na shekarun farko bakin karanshaf ɗinsu yana kama famfon baƙin mai da ɗan siririn wuri, in ana kai injin ƙololuwar gudu wurin yana cinyewa, giyar famfon ta fashe, mai ya daina zagayawa, inji ya tafi cikin daƙiƙoƙi. Sabon famfo bai warware wannan ba. Magani shi ne a sa wa bakin karanshaf zobe mai faɗi, ko a saka karanshaf na ƙirar baya mai dogon baki. Turbo biyun ma fankarsu ta gefen hayaƙi ta tangaran ce, ba ta jure matsin da ya wuce kamar bar 1, tana ɓallewa. Wanda zai bar motar a ƙarfinta na kamfani, doki 280 da aka rubuta, ba shi da damuwa sosai. Wanda zai ƙara matsi ya nemi turbo mai fankar ƙarfe.

Tayimin bel kuwa ana canza shi a kilomita 100,000, amma a motar da ta daɗe a ajiye shekaru ne ma'auni. Ya tafi tare da famfon ruwa da tayoyin da ke ɗame shi da ƙusoshinsu da robobin toshe mai na kamshaf da karanshaf, domin in ya tsinke bawul da fistan suna karo. A sa alama a kan na'urar da ke gaban kamshaf ɗin hayaƙi kafin a cire ta, a kuma saita wuta da fitilar awo a digiri 20, injin yana juyi 950 a minti.

Ta ɓangaren bodi, tsatsa takan ci bakin kaskon tayar baya, da ƙasan gilashin baya, da wuraren sa jak, da ƙasan but. A 2021 aka ƙara farantin bayan mota a jerin, ana ƙera shi da wata dabara da ba ta buƙatar tsohon mazubin da ake buga ƙarfe a kai, aka kuma fara buga wasu ƙananan kayan filastik da na'urar ɗab'i mai siffa uku. Farantin yana rage wa falanbita wahala ƙwarai, amma sai an yanke tsatsar har zuwa lafiyayyen ƙarfe kafin walda, a kuma sa sabuwar robar gilas, tunda ta nan ruwan ya shiga tun farko.

Inda shirin ya gaza ma a bayyane yake. Ana yin kayan kaɗan-kaɗan, saboda haka farashinsu ya fi na da, kuma abu yana iya kasancewa a jerin amma babu shi a ƙasa, a jira watanni. Ba duka ba ne kwafin na asali sak: kamfanin da kansa ya faɗa tun farko cewa inda ba a iya sake ƙera abu, za a ba da madadinsa ko a gyara tsohon. Mai son motar baje koli ya karanta bayanin kowane kaya. Kayan cikin mota da na lantarki su ne suka fi wuya. Dashbod ɗin da ya kumbura a gefen fasinja, kujeru, agogon mita, yawanci sai an koma gwanjon Yahoo na Japan ko shagunan kayan hannu irin su Up Garage. A can a nemi hoton lambar kayan da hoton bayan soket kafin a biya. Shirin kuma an gina shi ne a kan dillalan Japan, na waje yakan bi ta hannun masu fitar da kaya, kuɗin jirgi da na kwastan su hau kai. Ga mai karatu a Najeriya akwai ƙarin shinge: R32 GT-R sitiyarinta a dama kaɗai aka yi ta, dokar hanya kuwa ba ta yarda da irin wannan ba.

Akwai kuma babban aikin da NISMO ya sanar a Disamba 2020, inda ake kai mota masana'antar Omori da ke Yokohama a tuɓe ta har ƙarfe, a auna shasi, a sake gina ta, a lokacin a kan kimanin yen miliyan 45. Wannan na 'yan ƙalilan ne. Toyota na da irin shirin kayan don Supra da AE86, Mazda ma na da na Roadster na farko da RX-7.

Mai kuɗi ƙayyadadde ya fara da tiyo da wayoyi da tayimin bel, sannan robobin gilas da na ƙofa. Bayan su ya saurari but: in famfon ATTESA, mai raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba, yana tashi yana mutuwa kowane 'yan daƙiƙoƙi, tulun iskar da ke riƙe matsinsa ya huce, a canza shi kafin ya ƙona famfon. Tayoyi huɗun kuma su zama girma ɗaya, 225/50R16 a ƙirar yau da kullum, cinyewarsu ɗaya, domin bambanci tsakanin gaba da baya yana sa na'urar ta ɗauka taya na zamewa, ta riƙa kama kulocinta ba gaira ba dalili.