GARGAƊI: Naira 1,470,000 na tura wa mai kawo jabun kayan dashen haƙori

Assalamu alaikum. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina rubuta wannan ina gogewa. Maiɗakina ta ce in bar wa Allah. Wani abokin aikina ya ce in na fito na faɗa, gobe za a ce asibitina ne ke sa wa mutane jabun ƙarfe a baki. To a faɗa. Jiya da daddare aka turo mini tallar mutumin nan daga wani zauren WhatsApp na likitocin haƙori, ya canza lamba, ya canza suna, amma hoton akwatin kayan shi ne dai wanda ya turo mini, har da tabon da ke jikin teburin. Tun daga lokacin idona bai ga barci ba.

Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da saba'in. Sau uku na tura: 600,000, sai 520,000, sai 350,000. Duk da hannuna, daga wayata, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Ni likitan haƙori ne, ina da ɗan asibitina a Sabon Gari, shekarata goma sha uku ina wannan aiki. Na faɗi shekarun ne saboda masu cewa ai sai sabon shiga ake yi wa haka. Ku saurara tukuna.

Wani dattijo ne ya zo mini, ’ya’yansa sun kai shi Alƙahira an yi masa dashe biyu a muƙamuƙin ƙasa, wajen turame. Ga wanda ba ɗan sana'a ba: dashen haƙori kashi uku ne. Akwai saiwar ƙarfe da ake murzawa cikin ƙashi, a bar ta wata uku zuwa shida har ƙashi ya kama ta. Akwai hular haƙori da kowa ke gani. Sai na tsakiya, abatment, mariƙin da ke haɗa su, wanda ake ɗaure shi a kan saiwar da wani ɗan sukurun da bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Baba ya dawo da saiwa biyu sun kama lafiya lau, da murfin warkewa a kansu, da katin da ke nuna irin dashen. Abin da ya rage mariƙi da hula. Na ce Baba wannan ai ba sai ka sake hawa jirgi ba, za mu ƙarasa a nan Zariya. Ni na faɗa masa haka da bakina.

Matsalar ita ce kayan nan ba a yi musu aron hannu. Kowane kamfani da irin bakin mahaɗarsa da irin sukurudirebansa. Straumann na Suwizalan nasu mai bakin tauraro ne, kuma a 35 Ncm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, suke cewa a ɗaure mariƙi. Nobel Biocare suna da nasu daban da suke kira Unigrip. Irin na Baba na wani kamfanin Koriya ta Kudu ne, ba zan kama sunansa ba don ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sukurudirebansa mai kusurwa shida ne, milimita 1.2. Ba ni da kayan wannan samfurin. Sai na yi cigiya a zaure.

Ko awa ɗaya ba a yi ba ya kira ni.

A nan ne nake ta komawa. Da ya kira, bai fara da kuɗi ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe Dakta, ƙaramin baki ne ko babba? Don in ƙarami ne 20 za ka ɗaure, in babba ne 30." Sai ya tambayi kaurin dasashi, milimita biyu ko uku, kuma miƙaƙƙen mariƙi nake so ko mai kwana. Ku gaya mini fisabilillahi, ɗan damfara nawa ne ya san wannan? Na sha yin ciniki da ’yan kasuwa na gaskiya da ba su san bambancin murfin warkewa da mariƙi ba, sai na turo musu hoto. Wannan kuwa yana magana kamar wanda muka zauna aji ɗaya.

Kuma ya zo. Da ƙafarsa ya zo, ran Alhamis bayan La'asar, ana yayyafi, da ’yar jaka a rataye. Ya buɗe fakiti a gabana, mai lambar kaya da lambar rukuni da komai. Na ɗauki mariƙin na sa a kan analog, wato kwafin saiwar da muke gwaji da shi a waje, ya zauna daram, ko motsi babu. Na juya shi a haske, sumul. Na gaske ne, har gobe ina rantsuwa na gaske ne. Na ce nawa, bar mini wannan. Ya ce, "Dakta, kar ka ba ni ko kwabo sai ka gwada ka gamsu. Wannan na nuni ne, gobe zan kai shi Kaduna, naka na nan tafe." Aka kira Magariba, muka fita tare muka yi salla sahu ɗaya a masallacin bakin layi, kafaɗarsa na taɓa tawa. Kar ka ba ni ko kwabo. Wannan maganar ce ke tashe ni da tsakar dare. Mutumin da ya ƙi karɓar kuɗi a hannu, shi ya tafi da 1,470,000.

Za ku ce mariƙi biyu ne har miliyan? A'a. Shi ya ba ni shawara, kuma shawarar ba ta banza ba ce, cewa tunda mutanenmu na yawan dawowa daga Masar da Indiya da irin wannan dashen, gara in mallaki akwatin gaba ɗaya: sifana mai ma'aunin ɗauri, sukurudireba gajere da dogo, mariƙai girma-girma, kayan ɗaukar awo, analog. Jimla 1,120,000. Na ba da 600,000 kafin alƙalami, na cika 520,000 ranar da ya turo bidiyon kwali yana cewa kaya sun sauka Legas. Na yi bincike kuwa. Na tambayi mutum biyu a zauren, ɗaya ya ce ya taɓa sayen safar hannu da allurai a wajensa ba matsala. Sunan asusun na kasuwanci ne. Ya ba ni rasit mai hatimi. Me kuma ake so mutum ya yi?

Na tsallake wani abu. Tun kafin 520,000 ɗin, ko bayanta ne, sai na duba wayata, na ce ya turo mini takardar wakilcin kamfanin. Ya ce tana ofishinsu na Legas, ogansa ya tafi Umara. Na bari. Wannan kam na bari, ban musa ba.

Kaya suka iso ta motar haya, na je Kwangila da kaina na karɓa a hannun direba. Kwali ya yi kyau. Na gwada mariƙi ɗaya a kan analog ɗin da ya zo cikin akwatin, ya shiga. Amma ban ji irin zaman nan da na ji ran Alhamis ba, kamar akwai ɗan wasa. Na ce ko hannuna ne. Daga baya na gane jabu ne nake gwadawa a kan jabu.

Muka turara kayan a otokilef, na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a zafin digiri 134, kamar kullum. Baba ya zo ran Litinin da jikansa. Na cire murfin warkewa, dasashi ya yi zobe mai kyau, ba ja ba kumburi. Na sa mariƙin, na ɗaure da yatsa kawai, sannan na ɗauki hoto. Ƙa'idata ce, ban taɓa sa sifana a kan mariƙi ba sai hoton ƙashi ya nuna mini ya zauna har ƙasa. Hoton ya fito, sai ga wani siririn baƙin layi tsakanin mariƙi da saiwa, gefe ɗaya ya fi faɗi. Na cire, na duba ko nama ne ya shiga tsakani, na wanke, na mayar, na sake ɗauka. Layin na nan. Baba yana kwance da baki buɗe yana kallon fuskata. Da na cire masa abin ya ce, "Likita, lafiya dai ko?" Na ce Baba awon ne bai yi daidai ba, sai mun sake. Ya ce, "Ba komai ɗana, abin da ya yi wata biyar ai ba zai gagari mako ba." Na mayar masa da murfinsa hannuna na rawa. Abin bai yi minti goma a bakinsa ba, ina so a san wannan, kuma ban ɗaure shi da sifana ba.

Washegari yarinyar da ke taimaka mini ta kira ni ɗakin wanke kaya. "Dakta zo ka gani." Sukurori uku sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Ta kawo mayen ƙarfen da ke jikin murfin jakarta, ta kusanto da shi, sukurun ya yi tsalle ya manne. Taitaniyom ba ya bin mayen ƙarfe, ba ya irin wannan tsatsar. Tun 1965 da wani likita mai suna Brånemark ya sa wa mutum na farko dashe a Suwidin, a kan taitaniyom aka gina wannan aikin, don shi ne ƙashi ke yarda da shi. Ƙin bin mayen ba ya tabbatar da cewa abu na gaske ne, akwai ƙarfen da ba ya bi alhali ba taitaniyom ba ne, amma wanda ya manne ya gama tona kansa. Sai a lokacin na jera fakitocin a tebur. Girma daban-daban, lambar rukuni iri ɗaya a jikin kowanne, har da na sukurudireba.

Sifanar kuma na kai ta Kaduna wajen wani abokina mai ta gaske. Muka ɗaure sukuru da tawa har ta nuna 30, ya sa tasa a 20, sukurun ya ci gaba da juyawa. Da na yi aiki da ita, da hular Baba ta fara girgiɗi cikin ’yan watanni, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa ta wannan layin, ƙashin da ya kama saiwar ya fara zaizayewa. In kuma ta wuce ƙima ne, sukuru ya karye a cikin saiwa, duk wanda ya taɓa haƙo gutsuren sukuru daga cikin dashe ya san irin zufar da ake yi, wani lokacin ma sai an yi asarar dashen ɗungurungum.

Saura 350,000. Ita ce ta fi ci mini rai, don bayan na ga tsatsar na tura ta. E, bayan. Na kira shi ina faɗa, ya yi salati, ya ce an cuce shi shi ma, yaransa ne suka haɗa kwalin wani da nawa, nawa na asali na hannun kwastan, in aka biya 350,000 za su fito, zai cire daga ribarsa ya mayar mini. Muryarsa har rawa take. Ya ce, "Dakta ka manta na ƙi karɓar kuɗinka ran nan?" Ban manta ba, shi ya sa na tura. Ina da 1,120,000 a hannunsa, ina da dattijon da na yi wa alkawari, na ga in na ƙi, duka sun tafi. Wanda bai taɓa shiga irin wannan ba zai ga kamar da sauƙi. Alat ya shiga ƙarfe 11 da minti 40, da Azahar lambar ta daina shiga, da La'asar hotonsa ya ɓace a WhatsApp. Adireshin da ke kan rasit na tura ƙanena da ke Legas, shagon sayar da labule ya tarar.

600,000 da 520,000 da 350,000. Kuɗin da na tara don canza kujerar aiki ne, da wani abu da na ranta a wajen yayana wanda har yau bai san abin da ya faru ba, sai dai in ya karanta a nan.

Na kai ƙorafi banki, na kai wa ’yan sanda, na rubuta wa EFCC, kayan kuma zan miƙa wa NAFDAC tunda kayan asibiti a ƙarƙashinta suke. Lauya ya ce kar in sa suna da lambar asusu a fili tukuna. Hotunan hirarmu, rasit, alat uku, hoton ƙashin nan mai baƙin layi da bidiyon sukuru na bin mayen ƙarfe, duk zan ɗora su yau da daddare in na gama rufe abin da ya shafi mara lafiya. Wanda ya yi ciniki da mai irin wannan siffar, dogo, mai tattausar murya, mai zuwa da samfuri ɗaya na gaske, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.

Abokan aiki: kar ku biya sai kayan da za ku riƙe sun shigo hannunku. Ku tura wa kamfanin lambar rukuni ya tabbatar. Ku ɗauki hoto kafin ku ɗaure. Masu zuwa waje dashe, ku dawo da katinku.

Na yi odar mariƙai biyu daga wakilin da kamfanin da kansa ya ba ni lambarsa, da kuɗin aljihuna, abokina na Kaduna zai ara mini sifanarsa. Baba zai dawo ran Alhamis mai zuwa. Ban gaya masa komai ba tukuna, amma zan gaya masa kafin ya hau kujera.