Hattara da 'yan damfarar firaima da albarushin magnum a Amurka

'Yan'uwa mafarauta a Amurka, musamman masu ɗura harsashinsu da hannu, a buɗe ido. Tun ƙarancin kayan da aka shiga a 2020, shafukan bogi suka cika intanet da tallar abin da ya fi wuyar samu: firaimar magnum, wato ɗan maɓallin gindin kwanso mai kunna albarushi a manyan harsasai masu ƙarfi da ake kira magnum, irin Federal 215 da CCI 250, da albarushi mai ci a hankali irin H1000 da Retumbo. A lokacin ƙarancin, shagunan gaskiya ba su da ko kwali ɗaya, shafukan bogin kuwa komai akwai, har da rangwame.

Wajen biyan kuɗi asirinsu ke tonuwa. Ba sa karɓar katin banki, sai manhajojin tura kuɗi irin Zelle da Cash App, ko Bitcoin, domin kuɗin da ya bi ta nan da wuya ya dawo. Kuma firaima da albarushi kaya ne masu haɗari a dokar sufuri. Gidan waya ba ya ɗaukarsu, ta mota ake aiko su da kamfanonin sufuri UPS ko FedEx, tare da kuɗin kaya masu haɗari. Duk wanda ya ce zai jefa maka su a gidan waya kyauta, ƙarya yake. In ka biya, gobe za a ce kayan sun maƙale, ka ƙara kuɗin inshora. Kafin ka biya, duba ranar rajistar shafin a WHOIS, wato kundin rajistar shafukan intanet, ka kuma nemi adireshinsu a taswira.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wadda ke kai mutum asibiti ita ce ta buɗaɗɗen gwangwani da ake sayarwa hannu da hannu. Wasu kan zuba ragowar albarushi iri-iri a tsohon mazubi mai suna mai tsada. Ido ba ya tantance albarushi, komai gwanintar mutum. Iyakar matsin harsashin .300 Winchester Magnum 64,000 ne a ma'aunin matsi na psi, kwansonsa kuma babba. Aka cika shi da albarushin ƙaramar bindiga mai saurin ci, matsin zai zarce abin da ƙarfe ke iya ɗauka, bindiga ta tarwatse daf da fuska. Mazubin da hatiminsa ya karye ko lambar rukuninsa ta goge, a bar wa mai shi.

Kwanson da aka ce sau ɗaya aka harba shi ma sai an bincika. Irin masu ɗamara a gindi, kamar 7mm Remington Magnum, suna siracewa a saman ɗamarar bayan ɗuri da yawa. Lanƙwasa bakin siririyar waya, ka zura ciki, ka ja ta a jikin bango. Ta kama wani kwari, ko ka ga zobe mai ƙyalli a waje, kwanson ya kusa rabewa.

Mai sana'ar sayar da harsashin da ya ɗura sai da lasisi nau'i na 06 daga ATF, hukumar Amurka mai kula da bindigogi; a nemi gani. Wanda aka riga aka cuta ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara sashen IC3 na FBI, mai karɓar ƙarar laifukan intanet, da hoton rasit da saƙonnin.